Tsufan Ɗan Daba: Gardamar da Fina-finai Uku Suka Tayar a Tirkaniya

A Tirkaniya ba kowa ke da halin biyan kuɗin Netflix duk wata ba, amma fim ba ya wuce mu. Hanyarsa sananniya ce. Ka je shagon masu turawa, ka miƙa wayarka ko ɗan memori, yaron shago ya jona da kwamfuta, kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai an cika maka. Daga nan fim ya shiga gari. Mai keke ya kalla yana jiran fasinja a bakin titin Nnamdi Azikiwe, mai gadi ya raba dare da shi, tela ya jingina waya a jikin kekensa yana ɗinki yana satar kallo. Bayan isha'i kuma a haɗu a teburin mai shayi a zauna shari'a: wane ne jarumi, wane ne bos, wa ya ci amana, wa ya cancanci abin da ya same shi.

Na daɗe ina zama irin wannan majalisa, kuma na lura akwai wani nau'in fim da gardamarsa ba ta mutuwa a dare ɗaya. Shi ne fim ɗin tsohon ɗan ta'adda, mutumin da ya yi ƙuruciyarsa da bindiga ko wuƙa a hannu, ya kashe, ya ƙwata, ya tsorata gari, sannan Allah ya ara masa kwana har furfura ta cim masa. Guda uku ne suka fi yawo a wayoyin mutane a 'yan shekarun nan, biyu daga Amurka, ɗaya namu na gida: Tulsa King, da The Black Book, da The Irishman. Duk ukun labarin dattijo ne mai jini a hannu. Amma yadda kowanne ya sallami dattijonsa ya bambanta, kuma a nan ne ra'ayoyi suke rabuwa, har wani lokaci shayi ya huce ba a sha ba.

Wanda matasa suka fi so

Babu ja, Tulsa King ne ya fi farin jini. Shiri ne mai dogon zango da aka fara haskawa a watan Nuwamban 2022, Sylvester Stallone ya fito a matsayin Dwight Manfredi, ɗan ƙungiyar mafiya ta birnin Niyok mai shekara 75. Ya yi shekara 25 a gidan yari bai tona asirin ubangidansa ba. Da ya fito yana sa ran sakayya, sai ya tarar ɗan ubangidan ne ke juya al'amura, aka tura shi can Tulsa ta jihar Oklahoma, garin da bai san kowa ba, wai ya je ya kafa musu kasuwa. Korar kare ce aka yi masa cikin mutunci. Ranar da ya sauka ya ɗauki direban tasin da ya ɗauko shi daga filin jirgi aiki, ya shiga wani shagon sayar da wiwi, ya sanar da mai shi cewa daga yau akwai kasonsa a ciniki.

Stallone ba baƙo ba ne a nan. Iyayen waɗannan matasa sun kalli Rambo a gidajen kallo tun zamanin kaset, saboda haka ganinsa da furfura yana naushin 'yan samari abu ne mai daɗin kallo. Amma in ka saurari masu yabon shirin da kyau, ba naushin ne ya fi kama su ba. Amana ce. Mutum ya rufe baki shekara 25, manya suka saka masa da wulaƙanci, bai zauna kuka ba, ya tashi ya gina nasa. Kuma duk yaron da ya raɓe shi sai ya ɗaga shi: ya saya masa sutura, ya damƙa masa makullin babbar mota, ya tsaya masa in an taɓa shi. Matashi ya gaya maka cewa irin wannan oga yake nema bai samu ba.

Ba na raina wannan magana, domin na san inda ta fito. Ka tsaya a Tirkaniya ka dubi maƙwabtanmu, Kakuri da Makera da Nasarawa da Kudenda. A da nan ne cibiyar masana'antun Arewa. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002. United Nigerian Textiles, babbar cikinsu, ta rufe ƙofa a 2007. Arewa Textiles ma ta rufe. A wancan lokaci dubban magidanta ne suke fita da jiniyar safe su dawo da ta yamma, kuma yawancin gidajen hayar wannan yanki domin su aka gina. Yaron da aka haifa bayan rufewar bai taɓa ganin mahaifinsa da albashin masaƙa ba. Abin da ya gani shi ne uba yana jiran haƙƙin sallama shekara da shekaru, wani har ya mutu bai karɓa ba. In irin wannan yaro ya ga dattijon da aka ci amanarsa ya ƙi lanƙwasa, ba abin mamaki ba ne ya tafa masa.

Sai dai akwai mutum ɗaya a cikin shirin da matasa ba sa ambata, dattawa kuwa shi suke fara gani. Shi ne mahaifin Tyson, wato direban tasin nan. Mai sana'ar hannu ne, ya tarbiyyantar da ɗansa da guminsa, yana kallo wani baƙon tsoho ya zo da kwat da daloli ya janye masa yaro. Wani dattijo da muke zama da shi, wanda ya yi aikin masaƙa har aka rufe, ya ce shi a duk shirin wannan uban kaɗai ya gane, domin ya san zafin ka ga ɗanka ya dawo gida da waya mai tsada ba ka san wanda ya saya masa ba. Ni ma a nan na tsaya. Shirin ya iya nishaɗantarwa, amma ya mayar da tsufan ɗan ta'adda wata sabuwar ƙuruciya. Gwiwa ba ta ciwo, mafarki ba ya firgita shi, waɗanda ya taɓa cutarwa ba su da fuska. Har 'yarsa da ta yi fushi da shi tsawon shekaru ba ta daɗe ba ta sauko. Irin wannan ne masoya fassarar Indiya-Hausa suka gani a Kabali na Rajinikanth a 2016: shi ma shekara 25 ya yi a kurkukun Maleshiya, ya fito da farin gemu da kwat, ya ɗora daga inda ya tsaya.

Namu na gida, da maganar tuba

The Black Book ya zo da wani nauyi dabam, saboda ƙasarmu ce a ciki, kuma an ɗauki wani ɓangarensa a nan Jihar Kaduna. Editi Effiong ne ya ba da umarni, ya fito a Netflix ranar 22 ga Satumban 2023, har ya shiga jerin fina-finai goma da aka fi kallo a duniya a dandalin. Richard Mofe-Damijo ya fito a matsayin Paul Edima, dikin a coci, mutum mai sanyin hali da unguwa ke girmamawa. Wasu gurɓatattun 'yan sanda suka ɗora wa ɗansa tilo laifin garkuwa da mutane suka kashe shi. A nan ne mai kallo ya gano cewa dikin ɗin nan a zamanin mulkin soja shi ne makashin wani janar mai safarar miyagun ƙwayoyi. Da farko gawar ɗansa kawai ya nema, da a wanke sunan yaron. Da aka hana shi, ya koma tsohuwar sana'a.

Wannan fim bai raba kan mutane ta fuskar shekaru ba. Musulmi da Kirista, yaro da babba, kowa ya ji zafin uban da aka hana gawar ɗansa, domin labarin kama wanda bai ji ba bai gani ba ba sabo ba ne a kunnen ɗan Najeriya. Inda aka rabu shi ne kan tambaya ɗaya: shin Paul ya tuba kuwa?

Masu cewa ya tuba suna da hujja mai ƙarfi. Ya bar aikin, ya rungumi ibada, ya yi shekaru bai taɓa kowa ba. Malamai a cikinmu sukan kawo hadisin mutumin nan da ya kashe rai 99, ya cike na ɗari, kuma duk da haka ƙofar rahama ba ta rufe masa ba. Wane ne kai da za ka rufe ƙofar da Allah ya buɗe? Ɗaya ɓangaren kuma suka ce a ƙarasa karatun. Sharuɗɗan tuba da aka koya mana tun muna Islamiyya su ne ka daina, ka yi nadama, ka ƙudurta ba za ka koma ba, sannan in laifin ya shafi haƙƙin wani ka mayar masa ko ka nemi yafiyarsa. Wani maƙwabcinmu Kirista ya ce su ma haka abin yake, ya kawo labarin Zakka mai karɓar haraji, wanda da ya tuba ya ɗau alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. To shi Paul, shekarun da ya yi yana hidima a coci, gidan marayu nawa ya je daga cikin waɗanda ya mayar marayu? A cikin fim ɗin akwai wata 'yar jarida da aka kashe mahaifiyarta a wancan zamani, kuma tsohuwar sana'ar Paul na da hannu a wannan mutuwa. Ta girma ba ta san gaskiya ba. Bai tashi tona asirin janar ba sai da wutar ta ci gidansa.

Ina ganin masu wannan magana sun fi kusa da gaskiya, kuma ba daga littafi kaɗai suka samo ta ba. Mutanen Arewa sun ga tuba iri-iri da idonsu. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, ya miƙa makamai a Gusau a watan Fabrairun 2021, ya rantse da Alƙur'ani. Kafin Afrilu ya ƙare ya koma daji, can aka kashe shi a faɗa da wata dabar. A Kano kuma, a 2023, rundunar 'yan sanda ƙarƙashin Kwamishina Muhammad Usaini Gumel ta karɓi tubabbun 'yan daba, har aka sa wa 50 daga cikinsu kakin 'yan sandan sa-kai, waɗanda ake kira 'yan sandan sarauniya. Wasu suka yaba, suka ce in ba a ba tubabbe abin yi ba yunwa za ta mayar da shi. Wasu suka ce yaya wanda aka sara jiya zai ji in ya ga wanda ya sare shi yau a bakin titi da kaki. Duk sanda aka shirya bikin tuba, ana kiran 'yan jarida, ana jera makamai a ƙasa, ana ɗaukar hoto da manya. Ba a cika ganin kujerar wanda aka cuta a wurin ba. Shi ya sa kalmar tuban muzuru ba ta nisa da bakin mutane, ko da a kan ɗan fim ne.

Wanda ake gajiya da shi

Na ukun shi ne wanda aka fi yi wa ƙorafi. The Irishman na Martin Scorsese, wanda ya fito a 2019, awa uku da rabi ne saura minti ɗaya. Yana cin wuri a waya, magana ta yi yawa, harbi kaɗan ne, kuma in an yi shi ba a ɓata lokaci: a matso kusa da mutum, a harba sau biyu, a jefa bindiga a kogi, a tafi gida cin abinci. Babu kiɗan da zai sa jininka ya tashi. Matasa da yawa sun ce mini sun fara sun bari.

Labarin Frank Sheeran ne, mutumin da ya taɓa rayuwa da gaske, ya mutu a 2003 a gidan kula da tsofaffi. Sojan Amurka ne da ya yi yaƙin duniya na biyu a Italiya, ya dawo ya zama direban motar nama, ya faɗa hannun wani uban mafiya mai suna Russell Bufalino, ya zama mai yi musu aikin kisa. Daga nan aka haɗa shi da Jimmy Hoffa, shugaban ƙungiyar direbobin manyan motoci ta Amurka, suka shaƙu har iyalansu suka zama ɗaya. Hoffa ya ɓace ranar 30 ga Yulin 1975 a kusa da Detroit, har yau ba a ga gawarsa ba. Sheeran ya gaya wa marubuci Charles Brandt cewa shi ya harbe shi, littafin ya fito a 2004, kodayake masu bincike da dama ba su yarda da iƙirarin nasa ba. Robert De Niro ne Sheeran, Al Pacino ne Hoffa, Joe Pesci kuma, wanda ya riga ya jingine fim, aka lallaso shi ya fito a Bufalino. Su ukun da daraktansu duk sun haura 75 a lokacin. An zaɓi fim ɗin a rukuni goma na kyautar Oscar, bai ci ko ɗaya ba.

Akwai wata dabara da Scorsese ya yi wadda ta tsaya mini a rai. Sau da yawa in aka nuno wani ƙasurgumi yana taƙama cikin kwat, sai hoto ya tsaya, rubutu ya fito yana faɗin shekarar da aka kashe shi da yadda aka kashe shi: wannan harsashi a ka, wancan bam a ƙofar gida. Tun kafin ka fara sha'awarsa an nuna maka kabarinsa. Sheeran shi ne wanda bai samu irin wannan rubutu ba. Ya tsira daga harsashi, aka bar shi da tsufa.

Rabin awan ƙarshe shi ne fim ɗin. Abokai sun mutu ɗaya bayan ɗaya, wasu a kurkuku, haƙora sun zube, ana tura su a keken marasa lafiya. Matarsa ta mutu. Ya faɗi a cikin gida babu mai ɗaga shi. Shi da kansa ya je ya zaɓi akwatin gawarsa, ya yi ciniki, ya zaɓi inda za a ajiye shi. Jami'an bincike suka same shi suka ce duk wanda yake rufa wa asiri ya mutu, har lauyansa, ya faɗi gaskiya ko 'ya'yan Hoffa sa samu natsuwa. Ya ƙi. Amanar nan da matasa ke yabo a wurin Manfredi, ga ta nan tsirara: tsoho yana gadin sirrin matattu, rayayyu suna kuka. Limamin coci ya tambaye shi ko yana nadama, ya kasa samun ta a zuciyarsa. Abu ɗaya ne ke ci masa rai, wayar da ya buga wa matar Hoffa yana kwantar mata da hankali, alhali shi ya san inda mijinta ya kwana.

Sai Peggy, 'yarsa. Tana ƙarama wani mai kanti ya ture ta, uban ya ja hannunta har kantin, ya fito da mutumin ya tattake masa hannu a gabanta. Shi a ganinsa gata ya yi mata. Ita kuwa daga ranar ta san ko wane ne ubanta, ta koma kallonsa kawai. Anna Paquin da ta fito a Peggy bayan ta girma, kalmomin da ta furta a duk fim ɗin ana iya ƙirga su da yatsu, har masu sharhi a Amurka suka yi ta sukar Scorsese cewa ya hana mace magana. Na fahimci sukar, amma ban bi ta ba. Kwanaki kaɗan bayan Hoffa ya ɓace ta dubi ubanta ta yi masa tambaya ɗaya, daga nan ba ta sake yi masa magana ba har ya mutu. Ya dogara sanduna ya bi layi a bankin da take aiki, da ya kusa isowa ta rufe tagarta ta shige ciki. Ban taɓa ganin hukuncin da ya kai wannan a fim ba, kuma babu alƙali a ciki.

Abin lura shi ne, 'yan kaɗan ɗin da suka kai ƙarshen fim ɗin a cikin waɗanda na sani, mata sun fi maza fahimtar Peggy. Ba a zama da su a teburin mai shayi, saboda haka ra'ayinsu ba ya shiga shari'ar dare. Amma wata yayata da ta kalla a wayar ɗanta ta ce mini babu abin da ya ba ta mamaki a shirun yarinyar, domin mace ce ke wanke rigar da aka dawo da ita cikin dare, ita ce ke sanin abin da ke jiki, kuma ita ce ake cewa ta yi shiru.

Me ya sa abin ya dame mu a nan

Kaduna ba ta da mafiya irin ta Niyok, amma ta san jini. Rikicin shari'a na Fabrairu da Mayun 2000 ya ci aƙalla rayuka 2,000 a ƙididdigar ƙungiyar Human Rights Watch. Na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002 ya ci kimanin 250, kuma unguwannin wannan yanki ba su tsira ba. Aka sake yi bayan zaɓen Afrilun 2011. Ranar Lahadi 17 ga Yunin 2012 aka tayar da bam a cocin Shalom da ke nan Tirkaniya, rana ɗaya da wasu coci biyu a Zariya, ramuwar gayya ta biyo baya a kan tituna, aka kashe matafiya da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, har Gwamna Patrick Yakowa ya sa dokar hana fita ba dare ba rana. Tun 2000 garin ya tsage, kogi ya zama iyaka, Musulmi da yawa suka koma arewa, Kirista suka gangaro kudu. Mu da muka rage a unguwannin da har yanzu ake cuɗanya mun san darajar gaisuwar safe.

Rahoton da Human Rights Watch ta fitar a 2003 babban kukansa shi ne ba a hukunta masu kisa ba. To ina suke? Ba sama suka tashi ba. Saurayin da yake da shekara 25 a 2000 yau ya kai hamsin. Waɗanda suka ba shi fetur da adda, suka nuna masa gida, yau dattawa ne. Suna cikin kowane ɓangare, suna sahun gaba a masallaci, suna kujerar gaba a coci, ana kai musu ƙarar yara, suna ɗaura aure. Wataƙila da yawansu sun yi nadama tsakaninsu da Allah, ba ni da ikon shiga zuciyar kowa. Amma akwai gidajen da har yau ba su san inda aka binne nasu ba, kamar dai 'ya'yan Hoffa. Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Wanda ya zauna a irin unguwarmu ya san yakan bi har ɗakin 'ya'ya.

Kuma garin nan yana da misalin wata hanya. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye ba 'yan daba ba ne, amma a ƙuruciyarsu sun jagoranci matasa masu ɗaukar makami da sunan kare addini, kowa a nasa ɓangaren. A wani rikici da aka yi a 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Aka haɗa su a 1995, kowa na zargin ɗan'uwansa, daga baya suka kafa cibiyar sasanci tsakanin addinai a Kaduna. Suna cikin waɗanda suka yi aikin yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna da malaman addinan biyu suka sa wa hannu a Agustan 2002. Wata uku bayan haka gari ya sake kamawa da wuta, saboda haka ba tatsuniya ba ce mai daɗin ƙarshe. Abin da ya bambanta su da Sheeran shi ne sun buɗe baki. Sun tsaya gaban jama'a, har a fim ɗin gaskiya da aka yi a kansu a 2006, sun faɗi abin da suka kasance da abin da suka so yi wa juna. Shekara talatin ke nan suna biyan wannan bashi da ƙafafunsu.

Fim ɗin da Kannywood ba ta yi ba tukuna

Masana'antarmu ba ta rasa 'yan daba ba. Shirin A Duniya na Tijjani Asase ya fito da Daddy Hikima a matsayin Abale, sunan ya bi shi har yau, yara a lungu suna kwaikwayon muryarsa da tafiyarsa. Wannan kwaikwayo ne ya tsorata iyaye. A Satumban 2021 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, lokacin Isma'ila Na'abba Afakallah, ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Gardamar tsohuwa ce. An yi ta a kan Kassu Zurmi da waƙoƙinsa na 'yan tauri, an yi ta a kan Gambu mai waƙar ɓarayi, wanda shi kansa daga baya ya bayyana tubansa: shin mai nuna ɓarna koyar da ita yake yi, ko tona ta?

Na fahimci tsoron hukuma, ni ma uba ne. Amma a ganina matsalar fina-finan dabarmu ba yawan wuƙa ba ne, gajeren zango ne. Ɗan daban Kannywood kullum saurayi ne. Ƙarshensa ɗaya daga uku: a kashe shi, a kama shi, ko malam ya yi masa nasiha ya fashe da kuka a rufe fim. Ko Mailoma na littafin Ƙarshen Alewa Ƙasa, wanda Bature Gagare ya fitar a 1982, tsohon sojan yaƙin basasa da ya kafa ƙungiyar ta'addanci, bai ga tsufa ba. Shi da Sheeran da Paul Edima abu ɗaya ya haɗa su, hukuma ce ta fara koya musu kisa kafin su kai sana'ar kasuwa, kamar yadda 'yan siyasa tun zamanin 'yan banga suke ɗaukar yaran talakawa aiki, ko ana kiransu 'yan jagaliya a Kano, ko 'yan kalare a Gombe, ko sara-suka a Bauchi da Kaduna.

Mutuwar saurayi a fim ba ta tsorata saurayi. Yana ganin ta jarumta ce, abokai za su ɗauki gawa, a yi ta labarinsa. Abin da bai taɓa gani ba shi ne kansa yana da shekara 70: tsohon sara yana tashi da sanyin hunturu, ƙwaya ta cinye ƙwaƙwalwa, ubangidan da ya yi wa aiki ya zama babban mutum ba ya ɗaga wayarsa, an zo neman auren 'yarsa dangin miji sun yi bincike sun janye, jikansa ya dawo daga makaranta ya tambaye shi abin da aka ce ya yi a shekarar 2000. Muna da 'yan wasan da za su iya ɗaukar wannan nauyi, irin su Rabi'u Rikadawa. Muna da wurin ɗauka, ga katangun masaƙun Kakuri nan ciyawa ta cinye. Muna da matan da za su gaya wa marubuci abin da Peggy ta haɗiye, in ya je ya zauna ya saurara. Irin wannan fim ba ya buƙatar a nuna sara ko ɗaya, kuma ban ga dalilin da hukumar tacewa za ta hana shi ba.

Kafin a yi shi, ga abin da nake yi. Ɗan ƙanena, wanda ya haddace duk zangon Tulsa King, ya zo kwanakin baya ya ce, Baba, a tura mini wani irinsa. Na karɓi wayar na sa masa The Irishman, na ja shi zuwa daidai inda aka fara tura tsofaffin nan a keken marasa lafiya cikin kurkuku, na ce ya fara daga nan, in ya gama ya koma farko. Ya zauna a kan benci a ƙofar gida ya sa abin ji a kunne. Da aka kira sallar isha'i na fito na same shi bai motsa ba, an kai wurin da tsohon yake roƙon limami kada ya rufe masa ƙofar ɗaki gaba ɗaya.